Furanni Bakwai na Latifatu

"Kwashe 'yarki! Kwashe ta da tarkacenta kafin in kira hukuma!"

Da wannan Hajja Zaituna, uwar Raed mijin 'yata, ta tarbe ni a ƙasan benenta da ke unguwar Hindawiyya a nan Jidda, ko sallamata ba ta amsa ba. Ita ta kira ni da hantsi ta ce in zo maza-maza. Na sauke tukunya na tari tasi daga unguwarmu Nuzla, duk hanya ina salati, na ɗauka ciwo ne ya kayar da 'yata Latifatu.

Ashe ba ciwo ba ne. Akwatinta ne a wangale a kan matattakala, kayanta a zube har da na ciki, ita kuma tana tsugune a gefe, idanu sun kumbura. Matan benen duk sun leƙo, kowane hawa da kawunansa.

"Umm Raed, lafiya? Me ta yi?"

"Ni kike tambaya? Ai a gindin murhunki ta koya! Mashael, sauko da tiren!"

Mashael, ƙanwar mijin 'yata, ta sauko riƙe da tire nesa da jikinta kamar ta ɗauko mushe. A kai farar singileti ce ta namiji, a cikinta furanni da suka fara yaushi, an ɗaure su da jan zare.

"Ƙirga!" in ji Hajja Zaituna. "Iri bakwai, har da tumfafiya! Jan zare! Rigar ɗana! A ƙarƙashin matashin kanta muka ciro. Jiya da magariba ta shigo gidan nan, sau uku ina mata magana, ta kalle ni ta wuce kamar kurma. Ni za a gaya wa sihiri? Shi ya sa yaron nan sai ya kira ta sau biyar bai kira ni sau ɗaya ba!"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, don na san kan zancen.

"Haba Umm Raed! Wannan ai wasan ɗanki ne. Shi ya ce mata..."

"Ummi!" Latifatu ta cafke gefen abayata. "Don Allah ki yi shiru..."

"Ɗana za ki ɗora wa? Ɗan da na rena da Alƙur'ani? Yalla, ku fice min! Halas, an gama!"

Ta haye sama ta bugo ƙofa. Ni na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo ina tsince kayan 'yata ɗaya bayan ɗaya, mata sun fi goma suna kallo, ba wadda ta miƙo min ko ɗankwali.

Ni ce Mastura. A Nuzla aka haife ni, kakata da ƙafarta ta zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ba ta koma ba. Ban taɓa zama a aji ba. Maƙwabciyata Hikima ke rubuta wannan ina faɗa, na kuma ce mata kar ta gyara min ko kalma ɗaya. Shekara talatin ina sayar da balila, dafaffen waken nan na Larabawa, da gyaɗa a ƙofar gidana, da wannan tukunyar na rene Latifatu bayan rasuwar ubanta Abdallah. Ta tashi da hannun zanen lalle, amaren Nuzla har layi suke mata.

A gaban tukunyar nan Raed ya fara ganinta. Yana aiki a wani kamfanin injinan jirgin ruwa a unguwar masana'antu, kullum in ya taso sai ya ratso ta layinmu. Yaron da barkono ke sa shi tari har da hawaye, amma kullum sai ya sayi kofi biyu.

Ran nan na ce, "Kai ɗan nan, balila kake so ko mai miƙo cokali?"

Ya sunkuyar da kai, ya kira ni Khala, wato inna. "Khala, duka biyun... amma balilar ce ke kashe ni."

Latifatu ta gudu ciki tana dariya.

Uwarsa ba ta so ba. Su masu jinsiyar ƙasa ne, mu masu iƙama, takardar zaman baƙi. Shekara guda cur yaron nan ya tsaya, ya ce in ba Latifatu ba sai dai ya mutu gwauro. Ni kaina na ce wannan namiji ne. Aka ɗaura. Wata biyu da tarewa kamfaninsu ya tura shi ƙasar Norway ƙarin koyon aiki na shekara biyu. Kafin ya tafi uwarsa ta sa ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai taka taron Nasara ba, ba zai zauna inda ake kiɗa ba. 'Yata kuma ta zauna a gidan tana mata girki da wanki da auna mata magani, fiye da shekara, ba ta taɓa kawo min ƙara ba.

Ranar da abin ya faru, ashirin da uku ga watan Yuni, a wurina ta yini tana taya ni tsince waken balila. Zafin Jidda ya kai inda bango ma ke gumi. Bayan azahar wayarta ta yi ƙara, Raed ne a kiran bidiyo, ta zabura har tana tuntuɓe da kwano.

"Lulu! Hayati, duba ki ga inda mijinki yake!"

Lulu yake ce mata, hayati kuma rayuwata ke nan da Larabci. Na matsa na leƙa. Ruwa ne shuɗi a tsakanin duwatsu, ciyawa kore shar, ƙananan jirage an yi musu ado da ganye. A bakin ruwan an tara itace da tsofaffin katakai, har da wani ruɓaɓɓen kwalekwale a kife a sama, tsibin ya fi gidana tsawo.

"Khala Mastura, ina wuni? Kin ga wannan tsibin? Anjima wuta za a cinna masa. Yau bikinsu ne na tsakiyar bazara, Santans suke ce masa, da sunan Annabi Yahya. Rana ba ta son faɗuwa a nan, Khala, ƙarfe sha ɗaya na dare sai ki ga gari da haske!"

"To yaushe kuke magariba?"

"In ta ga dama ta faɗi, Khala, mu dai muna jira."

"Wutar fa? Sanyi kuke ji?"

"Mutanen da sun ce mayu take kora. Yanzu kam nishaɗi ne, kowa ya fito da iyalinsa a zauna bakin ruwa."

Ya juya wayar. Ga yara sun yi jerin gwano, yarinya da kambi a kanta, yaro da baƙar riga a gefenta, wani tsoho yana ja musu goge a gaba. Ya ce auren wasa ne, duk shekara sai an yi. Ya nuna mana kwanon wani farin kunu mai kauri, man shanu ya narke a kai an barbaɗa kirfa, wai matar abokin aikinsa ta dama da kindirmo. Ya ce bai kama ƙafar balilata ba. Ɗan banza, har na ji daɗi.

"Lulu, kin ga 'yan matan can masu tsinkar fure? Iri bakwai kowace za ta haɗa, ba ta magana da kowa har ta kwanta, ta sa a ƙarƙashin matashin kanta. Wai za ta yi mafarkin mijin da za ta aura."

"To ni ai na auru."

"Wata biyu kacal muka yi tare, har yanzu budurwata ce ke! Ki gwada mu gani, ni za ki gani ko wani ƙato?"

"A Jidda? A zafin nan? Ina zan samo fure bakwai, ya majnun?"

"In kina sona za ki samo..."

Na ce, "Ku dai ba ku da aikin yi," na koma kan wakena. Da kunnena na ji. Bayan ya kashe ma sai ga saƙon murya ya biyo baya, yana yi yana dariya, kiɗan goge na tashi a bayansa: "Bakwai fa, hayati! Kar ki yi wa kowa magana, ko Mama ce. Ki haɗa da rigata don kar mafarkin ya ɓata hanya."

Da la'asar ta tashi, ta tsinki furen raihan, ɗoɗɗoyar nan mai ƙamshi, a tukunyar ƙofata, ta ɗora yatsa a leɓe ta yi min murmushi ta wuce. Sauran daga baya ta lissafa min. Ful, farin furen nan mai ƙamshi, a hannun mai talla a danja, da nuni suka yi ciniki. Furen jahannamiyya da ya leƙo ta katangar wani gida. Wardi ɗaya a shagon fure. Furen lalle a wani lungu. Wani ja da ake shukawa a tsakiyar titi, ita ma ba ta san sunansa ba. Shida ke nan. Magariba ta kawo kai ba na bakwai, sai ta hangi tumfafiya a wani kango. Ta tsinka. Jan zaren kuma shi ne a bakin allurarta, shi ya zo hannu.

Bayan isha ya kira ta ya nuna mata wutar tana ci har sama, mutane na waƙa a kewaye. Ba ta da bakin magana, sai ta ɗaga masa furannin, shi kuma yana ta sumbatar wayar. Da safe Mashael ta shiga kwashe zannuwan gado.

Ku ji fa! A can wuta suke hurawa su kori mayu, a nan 'yata aka kora.

A cikin tasi muna komawa Nuzla, akwati a cinyata, haushi ya sa na ce, "Kin ma yi mafarkin?"

"Ban runtsa ba, Ummi. Ƙamshin ful ya sa min ciwon kai."

Da yamma ya kira. Gidana ɗaki ɗaya ne da falo, ko ban so ba sai na ji.

"Raed, kalma ɗaya ce. Ka ce mata kai ka sa ni."

"Lulu, rabin raina, ki fahimce ni... In na ce ni ne, za ta tambaye ni a ina na ji. Na dafa Alƙur'ani, Lulu! Kin san jininta, ke kike auna mata. Ki ba ni sati ɗaya ta huce."

"Da ta kira ka me ka ce mata?"

Ta sake kiran sunansa.

"Raed?"

"Na ce... na ce ban san komai a kai ba. Amma wallahil azim..."

Na fizge wayar. "Kai ɗan nan! Ba a gabana ka faɗa ba? Ni kurma ce? Uwarka ta zubar da kayan matarka a matattakala kana can kana shan kunun Nasara!"

Ya kashe.

Sati ya zama wata. Mashael ta ɗauki hoton tiren ta watsa a guruf ɗin matan dangi, daga nan ya tsallaka ya shiga Nuzla. Amare uku suka fasa lallen Latifatu a sati ɗaya. Ɗaya ma uwarta ce ta aiko wai ba sa son hannun da ke ƙulli ya taɓa 'yarsu. Matar da ta shekara ashirin tana cin balilata ta fara tsallaka titi in ta zo ƙofata, bakinta na motsi. Balila ta dinga kwana tana tsami ina zubarwa.

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane ba. Kalmar sihiri a nan ba abin wasa ba ce, hukuma kamawa take a kanta, balle a kan baƙar mace mai iƙama. Da ma can ana mana kallon masu asiri tun kakanni. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi.

Na ce wa Latifatu, "Saƙon nan yana wayarki?"

"Yana nan."

"To tashi mu je ki kunna wa uwarsa a gaban matan benen."

"A'a, Ummi."

"A'a? Ke mahaukaciya ce?"

"In na kunna na tozarta shi. Kuma ni ba wanke ni kawai nake so ba... so nake ya fito daga bakinsa. Zai faɗa. Mutumin da ya shekara yana faɗa da gidansu a kaina? Tsoro ne kawai ya kama shi. In ya zo ya ga idona zai faɗa."

"In bai faɗa ba fa?"

"Zai faɗa, Ummi!"

Kullum sai ya kira ta. Hayati, ruhina, hasken idona, na kasa cin abinci, na rame. Ita kuma ta rungume waya tana kuka tana lallashinsa. Ita aka zalunta, ita ke ba da haƙuri! Ina kallon wuyanta yana ƙara tsawo, zoben aurenta ya fara zamewa har ta naɗa masa zare.

Ran nan ta shiga wanka, na kai wa Hikima wayar na ce ta tura min saƙon cikin tawa, ta nuna min inda zan danna. Eh, na yi. Rubuta, Hikima, ban ɓoye ba.

Wata biyu da rabi sai ga shi ya zo hutu. Aka sa zama bayan la'asar a gidan Ammu Na'ibi, wan marigayi ubansa, dattijon da ba na zargi da komai sai sanyin hali. Latifatu ta yi wanka ta sa kwalli, ta fesa turaren da ya saya mata. Ta riƙe hannuna muka tafi.

Da muka shiga majalisin yana zaune kusa da uwarsa, ya yi fari ya yi ƙiba, mai cewa ya rame. Ya ɗago suka haɗa ido, na ga leɓensa na rawa. Na ce a raina, to, wataƙila yarinyar nan ta fi ni saninsa.

Ammu Na'ibi ya yi addu'a, ya ce, "Raed, matarka ce. Me za ka ce?"

Ya gyara murya. "Ammu... Mama... ina roƙon a yafe mata. Kuskure ne, ƙuruciya ce. Ba za ta sake ba."

Na ji hannun Latifatu ya yi sanyi.

A yafe mata! Kun ji? Wanda ake roƙa wa yafiya ai mai laifi ne!

Hajja Zaituna ta gyara zama. "Don darajar Ammu na haƙura. Amma da sharaɗi. A kai ta wurin shehi a yi mata ruƙiyya, ta tuba a gaban matan da suka gani, ta kuma faɗi wanda ya haɗa mata." Ta harare ni. "Ko da yake mun sani."

"Latifatu, kin ji?" in ji Ammu. "Abin ai mai sauƙi ne, 'yata. Ki yarda a wuce wurin."

Ba ta kalle shi ba, mijinta take kallo. "Raed... abin da za ka ce ke nan? Ba sauran magana?"

"Lulu, ki yarda kawai, komai zai wuce..."

Na ga bakinta ya buɗe. Na san 'yata. Cewa za ta yi ta yarda. Za ta durƙusa a gaban matan Hindawiyya ta ce ita matsafiya ce, don kar ran wannan ragon ya ɓaci.

Na zaro wayata na danna.

Muryarsa ta cika ɗakin, da dariyarsa da gogensa. Bakwai fa, hayati. Ko Mama ce. Ki haɗa da rigata.

"Ummi!!" Latifatu ta dafe ƙirji.

Mashael ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta. Ammu Na'ibi ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Raed, muryarka ce?"

"Muryata ce, Ammu."

Na ce, "Alhamdulillahi! To Umm Raed, sai ki tashi mu koma benen nan ki..."

"La haula wala ƙuwwata!" Ta ɗora hannu a ka. "Kun ji? Kun ji yadda suka mayar min da ɗa? Wannan Raed ne? Ɗan da ya dafa Alƙur'ani a gabana shi ne a tsakiyar masu bautar wuta yana cewa kar a yi wa uwarsa magana? Wallahi ba bakinsa ba ne! Ashe aikin ya daɗe! Tun a balila suka fara ba shi!"

Na ce, "Ke Zaituna, ki ji tsoron Allah!"

"Mama, jininki..." Mashael ta riƙo ta.

Ammu ya ɗaga hannu. "Ku saurara. Raed, kai nake tambaya, kuma Allah na jinka. Da hankalinka ka je wurin nan? Da hankalinka ka faɗa wa matarka ta yi?"

Uwarsa ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinta tana haki. "Faɗa musu, ya waladi, ɗana. Faɗa musu ba ka ci amanar rantsuwarka ba. In da hankalinka ka yi, to yau ka binne ni."

Ya kalli uwarsa. Ya kalli Latifatu. Hawaye na zuba har gemunsa.

"Ni... ban san abin da ya same ni ba a lokacin."

Shi ke nan. Kalmar da ya zaɓa ke nan.

Latifatu ta miƙe a hankali. Ba ta yi kuka ba, ni da na so ta yi. Ta warware zaren da ta naɗa wa zoben, ta zare shi ta ajiye a gaban Ammu kusa da kofin shayi.

"Ammu, ka yi haƙuri da ɓata maka lokaci. A ba ni takardata."

Muna bakin titi muna jiran tasi ya fito da gudu ba takalmi.

"Lulu! Lulu, tsaya! Kin ga halin da take ciki, me kike so in yi? Uwata ce!"

"Na sani."

"Zan ɗauke ki mu tafi can, na fara neman takardu. Ba wanda ya san mu a can, ba wanda zai ce miki komai. Hayati, wallahi ban taɓa son wata ba..."

"Na san wannan ma." Muryarta ko rawa ba ta yi. "In na bi ka, Raed, cewa za a yi aikin ya ci. Ummi kuma ta zauna a Nuzla da sunan. Kai ma watarana in muka yi faɗa za ka kalle ni ka ce ba ka san abin da ya same ka ba."

"Ba zan taɓa..."

"Ka riga ka faɗa."

Ya juyo gare ni. "Khala, ki sa baki!"

Na ce, "Bakina? Ai kai ka nuna mana ba a san abin da ke shiga baki ba. Koma ciki, kwalta na ƙona maka ƙafa."

Takardar ta iso bayan kwana tara, Ammu Na'ibi da kansa ya kawo, bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce shi ya gane gaskiya. Na ce gaskiyar da ka gane a cikinka me za ta yi min? Ka faɗe ta a masallaci. Ya ce a bar wa Allah. Raed kuwa ya koma Norway ran da hutunsa ya ƙare.

To ni ban bari ba, kuma ba zan bari ba. Ba kuɗinsu nake so ba, ba auren nake so a mayar ba. Abu ɗaya ne. Raed ɗan Zaituna ya ɗauki wayarsa, da bakin nan da ya iya hayati da ruhina, ya ce: ni na sa ta, da hankalina, wasa ne na mutanen ƙasar da nake. Mashael ta sa a guruf ɗin da ta sa hoton tire. Uwarsu ta tako Nuzla da ƙafarta ta tsaya a ƙofata ta faɗa da ƙarfi yadda ta faɗi wancan da ƙarfi. Duk wadda ta karanta wannan ta san su, ta kai musu. Duk wadda ta tura hoton nan ko sau ɗaya, ita ma ina bin ta, mu haɗu gaban Allah.

Abin da ya fi ci min rai ban faɗa ba tukuna.

Tun ranar zaman Latifatu ba ta ɗaga min murya ba. Tana min wanki, tana dafa min shayi, tana shafa min man zafi a gwiwa. Amma hira ta mutu a gidana. Ran da ta cika wata guda da idda na kasa daurewa, na same ta tana ninke kaya na zauna a gabanta.

"Ke, gaya min. Laifi na yi? Da na bari kin durƙusa kin ce ke matsafiya ce?"

"A'a, Ummi. Ba ki yi laifi ba."

"To mene ne? Kalle ni!"

Ta ɗago. Sai a ranar na ga hawayenta.

"Da ba ki kunna ba, da har in mutu ina cewa tsoro ne ya hana shi, da an matsa masa zai faɗa. Yanzu an matsa masa a gabana, Ummi... Na gani."

Na jawo ta jikina, ƙasusuwan bayanta duk a hannuna.

"Ummi," ta ce cikin wuyana, "har yanzu in waya ta yi ƙara sai in ji kamar shi ne. Yaushe zai daina?"

Na ce mata ban sani ba.